Kadon ƙarshen shekara: a dubi gidan da zai kwana

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, sai motocin kamfanoni su fara zagaya ma'aikatun Yamai, planto na sauke kwalaye yana bin buro-buro da su. Haka abin yake a Maraɗi, haka a Damagaram da Tawa. Al'ada ce da aka gada tun zamanin Faransawa, kuma ba ta da aibu: wanda aka shekara ana aiki ko ana ciniki da shi ya cancanci godiya. A da, kalanda ce da ajanda da alƙalami. Yau na'ura ta shiga cikin kwalin: talho, batirin ajiyar wuta, kilen USB, har da agogon da ke ƙirga takun mai shi. Kuɗin da ake kashewa ya ƙaru ƙwarai, amma tunanin da ake yi kafin saye yana nan inda yake.

Abin da ya kamata darakta ya fara tambayar kansa shi ne: wane gida wannan kaya zai kwana? A ƙasar Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da kuran a gidansa. Masu shi ɗin ma ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya, wadda ke ba da wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rarrabawa a lokacin, ta yanke layi, ba ta maido shi ba sai cikin Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a 2023, ta rage wahala a babban birni, amma ma'aikacin gona na Dakoro da malamin lakkal na ƙauyukan Tanut ba su cikin lissafinta. A hannun waɗannan bayin Allah, agogon da ke neman caji kullum dare wani sabon nauyi ne aka ɗora musu. Fitila mai ɗan faifan rana, wadda ke haska ɗaki kuma ta cika talho, ita ce za ta yi aiki daga ranar da aka ba da ita: malam ya gyara takardun yara da dare, uwargida ta daina sayen pil, a huta da kai talho wurin mai caji a kasuwa. Rediyo mai cin hasken rana ma haka, tun da Muryar Sahel da rediyoyin karkara suna magana da harsunan ƙasa.

Ba baƙon tunani ba ne a nan. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya share shekaru yana jagorancin ONERSOL domin ya nuna cewa ranar da ke ƙona mutane dukiya ce. Abin mamaki ne a ce har yanzu masu sayen kado sun fi ganin darajar kwali mai ƙyalli.

Sai kuma maganar inganci, wadda a nan ne aka fi cutar masu saye da yawa. Batirin ajiya da aka rubuta wa 10.000 mAh, ko na ƙwarai ne, abin da yake zuba wa talho bai cika wuce kashi biyu cikin uku na wannan adadi ba, domin wani kaso yana salwanta wajen juya ƙarfin wutar. Wato zai cika talho sau ɗaya da rabi, ko sau biyu idan ƙarami ne. To, wanda ya ga ɗan batiri marar nauyi an buga masa 50.000 mAh a kan kuɗi kaɗan, ya san da wa yake ciniki. Irin waɗannan ne ke kumbura cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40, musamman in an bar su cikin mota. Kamfanin da ya buga tambarinsa a jikin abin da ya mutu cikin mako uku, sunansa ya tallata tare da gawar.

A kuma duba bakin abin caji. Gidajen ƙasar nan da ramuka biyu masu zagaye suke aiki, irin na Faransa, alhali kayan da ke shigowa daga Kano ta Ɗan Isa ko Magarya sau da yawa ƙafa uku gare su, irin na Ingila. A tambaya ko masu gyara na kasuwa suna da kayan gyaransa. Talhon da gilashinsa ba ya samuwa sai an aika ƙasar waje, faɗuwa ɗaya ce ajalinsa.

Kilen USB kuwa, ma'aikatun gwamnati su yi hattara da ita. Ta wannan hanya ce ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, da aka gano a 2010, ta shiga masana'antar nukiliyar Natanz ta Iran, wurin da ba ya haɗe da intanet. Kilen da ba a san inda aka ƙera ta ba, ba ta da hurumin shiga kwamfutar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko takardun duwan, kome kyawun tambarin da ke jikinta.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairun 2024. Idan ɗan kasuwa ya aika wa jami'in da takardar kwangilarsa ke kan teburinsa da talhon da kuɗinsa ya ninka wannan albashi sau goma, kowa ya san sunan abin, ko da an naɗe shi cikin takardar barka da sabuwar shekara. Jami'in da ya karɓa, duk sa'ad da talhon ya yi ƙara, zai tuna wanda ke binsa bashi. Kyautar godiya ita ce wadda za a iya buɗewa gaban abokan aiki ba tare da an runtse ido ba, kuma wadda ta isa ga sakatare da direba da mai gadi, waɗanda su ne kwalin ke wucewa ta hannunsu ba ya tsayawa.

Saboda haka ya dace kowace ma'aikata ta buɗe rajista da za a rubuta duk kadon da ya shigo, da sunan wanda ya aiko, a kuma yanka iyakar kuɗin da in kaya ya haura ta, ya zama na buro, ba na mutum ba. Masu saye kuma, kafin darakta ya sa hannu a takardar odar fitilu ɗari biyu, a karɓi guda ɗaya daga hannun ɗan kasuwar, a ba mai gadi ya kwana da ita dare bakwai, sa'annan a ji abin da zai ce.