Ordinatar ta farka, ma'aunin zafi na barci

Filinmu na wannan mako zai duba wata matsala da ke tada hankalin ma'aikacin biro da mai kanti, har takan sa su kashe kuɗi wajen mai gyara ba tare da dalili ba. Mutum ya rufe ordinatar ya tafi cin abinci, ya dawo ya buɗe ta, sai lojisiyel mai nuna zafi, irin HWMonitor ko HWiNFO, ya ce na'urar ta kai digiri 127, ko kuma ya ce fanka ta tsaya cik. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: lambar da ta fito bayan farkawa ba shaida ba ce sai an tabbatar da ita.

Domin a gane dalili, sai a san mene ne barcin ordinatar. A shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da ƙa'idar da ake kira ACPI, wadda ta tsara matakan barcin na'ura. A matakin S3, wanda Windows na faransanci ke kira Veille, ana barin wuta ga ƙwaƙwalwar aiki domin kada ta manta abin da ke buɗe, a yanke wa yawancin sauran sassa. Cikin waɗanda ake yanke wa har da ɗan guntun da ke tattara labarin zafi da gudun fanka, wanda a manyan na'urorin tebur yawanci ƙirar Nuvoton ne ko ITE. Idan an farka, aikin BIOS ne ya sake shirya wannan guntu kamar yadda yake. In BIOS bai cika aikinsa ba, ko lojisiyel ya ci gaba da tambaya a inda ya tsaya kafin barci, sai amsar da ke zuwa ta zama shirme.

Lambar ƙarya tana da alamomi. Sau da yawa ana ajiye awon zafi a gurbin da ba ya ɗaukar fiye da lambobi 256, wato daga -128 zuwa 127, ko daga 0 zuwa 255. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan lambobi na iyaka, to ya san ba zafi aka auna ba. Haka nan lambar da ta kafe wuri guda, ko ana aiki ko ba a yi. Kuma a tuna cewa yawancin injinan Intel iyakarsu kusan digiri 100 ce: in sun kusanto ta sukan rage gudu, in abin ya wuce su kashe kansu. Na'urar da ke aiki lami lafiya tana nuna 127, ma'auninta ne ke da ciwo.

Amma kada wannan ya sa a yi sakaci, domin wani lokaci lambar gaskiya take faɗi. Akwai na'urorin da fankarsu ba ta tashi bayan barci, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai ko Tawa, wannan ba abin wasa ba ne. Akwai kuma ordinatar ta hannu ta zamani wadda ta bar S3 ta koma wani barci mai sauƙi, inda na'urar ba ta mutuwa sosai. Irin wannan takan yi ta aiki cikin jaka, a fito da ita da zafi, batiri ya ƙare. Saboda haka alƙalin farko shi ne kunne da tafin hannu. A saurari ƙarar fanka, a sa hannu a bakin ramin da iska ke fita. A sani kuma cewa wasu na'urori da gangan suke tsayar da fanka idan babu zafi, sai an ba su aiki mai nauyi take juyawa.

Ga yadda za a bi abin daki-daki. Da farko a jira minti biyu ko uku, domin na'urar da ta farka takan yi rububin ayyukan da suka taru, zafi ya hau sannan ya sauka. Na biyu, a rufe lojisiyel ɗin gaba ɗaya a sake buɗe shi. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Na uku, kada a bar masu awo biyu suna aiki tare, domin hanya ɗaya suke bi zuwa ga guntun, sukan yi karo su ɓata wa juna amsa. Na huɗu, a danna Redémarrer, ba Arrêter ba. Tun daga Windows 8, a shekarar 2012, akwai abin da ake kira démarrage rapide, wanda ke sa Arrêter ya adana wani ɓangare na tsarin a kan faifai ya dawo da shi kamar yadda yake, har da kuskuren da ke ciki. Redémarrer ne ke tada kome daga tushe. Daga nan ana iya shiga BIOS a ga awon da shi kansa yake bayarwa, a gwada da na lojisiyel.

In matsalar na dawowa bayan kowane barci, maganinta yawanci sabon BIOS ne daga kamfanin da ya ƙera na'urar. Amma a yi hattara: yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe na'urar ɗungum, don haka ba a fara shi sai da cikakken batiri ko ondilar mai lafiya. Wanda bai samu halin yin haka ba, ya daina sa ta barci, ya riƙa amfani da Veille prolongée ko ya kashe ta.

Idan kuwa hannu ya ji zafi, fanka ta yi shiru, na'ura na jan ƙafa, to a kashe ta nan take a kai ta a share mata ƙurar hunturu. Mai gyaran da ya ce a sayi sabuwar fanka, a nemi ya kunna na'urar daga tushe a gaban mai ita, a ga ko tsohuwar tana juyawa, kafin a sa hannu a aljihu.

Sai mako mai zuwa.