Dalar da aka huda

A Maraɗi ko Damagaram, yaron da aka aika sayen goro na dala ashirin ya san tamma 100 ake nufi, kuma ya san dala 200 ita ce jikka. Amma a tambaye shi mafarin kalmar, sai ya yi zuru. Malaminsa ma sau da yawa shirun zai yi, alhali kuwa amsar tana rataye a wuyan kakarsa, ko tana kwance cikin tsumma a ƙasan adaka: tsabar azurfa mai faɗi, gefe guda da hoton wata mata mai lulluɓi, ɗaya gefen da tsuntsu mai kai biyu, an rubuta mata shekarar 1780.

Wannan ita ce dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda tsofaffi ke kira liyari. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma fatake a Habasha da Yaman da ƙasashen Sudan suka ƙi yarda da wata azurfa in ba mai wannan hoto ba, don haka aka ci gaba da buga ta da shekarar da ba ta motsi. A shekarun 1930 da 1940 an buga ta a Roma da Landan da Faris da Bombay. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce. Da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canza ta wuri 2,500. Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899 sai tsabarsu ta azurfa mai tamma 5 ta yaɗu, sunan dala ya koma kanta, ya kuma zauna a bakin jama'a har sefa ta zo a 1945 ta gaje shi.

To, a can Amurka da Turai akwai kasuwar masu tara tsoffin kuɗi, wadda yawancin cinikinta ya koma gwanjo ta intanet, a eBay da manyan gidajen gwanjo irin su Heritage na birnin Dallas. Abin da ke tashe a wannan kasuwa shi ne azurfar da ta yi launin tsufa. Asalin launin ba wani sirri ba ne. Azurfa idan ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska ko takarda ko ƙyalle, wata fata siririya takan hau kanta; gwargwadon kaurin fatar, haske ya karye a kanta ya ba da ruwan zinariya, ko ja, ko shuɗi, ko kore, daga ƙarshe ya zama baƙi. Dalolin Amurka samfurin Morgan, waɗanda aka buga daga 1878 zuwa 1904 da kuma 1921, sun shekara da shekaru a baitulmalin gwamnati cikin buhunan zane, 1,000 a kowane buhu. Waɗanda suka jingina da jikin buhun suka fito da launin bakan gizo, su ne yau ake ribibi a kansu, ana biyan ninkin farashin ƴan'uwansu farare.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ba a hana mutum son launi. Abin da ya cancanci suka shi ne ma'aunin da kasuwar ta kafa, ta kuma ɗora wa duniya. Kamfanoni biyu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, su ke duba tsaba su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin roba. Maki mafi girma na tsabar da hannu bai taɓa ba ne. Wadda aka goge, ko aka huda, ko aka liƙa mata kunne don ratayawa, ba ta samun maki, sai a rubuta mata aibinta a goshi, farashinta ya faɗi ya kusanci kuɗin ƙarfenta. Wato ke nan dalar da ta yi barci cikin buhu, ba ta sayi komi ba, ba ta aurar da kowa ba, ita ce mai daraja. Wadda ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi, ta biya sadaki, maƙerin fari ya huda ta, aka jera ta a ƙirjin amarya a Tasawa ko a kitson Bafillatana a Dakwaro, aka yi ta wanke ta da toka da tsamiya kowace salla, ita ce lalatacciya. A wannan ma'auni duk abin da mutanen Sahel suka yi da azurfa ɓarna ne.

Kuma launin da ake bautawa ba abin amincewa ba ne. Abin da buhu ya yi cikin shekara 60, mai wayo yana iya kwaikwayonsa cikin yini guda da zafi da farar wuta, har da dafaffen ƙwai, kuma masanan kasuwar da kansu suna saɓani a kan wane launi ne na Allah, wane ne na hannu. Mai saye ta intanet kuwa hoto yake saye. A karkata tsabar ga fitila ta yi kamar wutsiyar ɗawisu, a kwantar da ita ta koma ruwan toka. Duk ma'aikacin da ke zaune a Yamai yana sha'awar shiga wannan caca ya san sayen kifi a ruwa ne, kafin a zo ga kuɗin da gidan gwanjo ke ɗorawa da kuɗin aike.

Wani zai ce: mene ne abin kuka a kan kuɗin Turawa da aka buga ɗaruruwan miliyoyi, wanda har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya ke fitar da sabo? Gaskiya ne, dalar ba ta da wuyar samu. Abin da ke da wuyar samu shi ne labarin dala guda: wa ya kawo ta, a wane ayari, wane maƙeri ya huda ta, ta hannun mata nawa ta bi. Wannan labari ba ya shiga roba, ba ya hawa sikeli, kuma ranar da tsabar ta bar gidan ya yanke. Tun da ma'aunin waje ya riga ya yanke cewa hudajjiyar dala ƙarfe ce kawai, dillali ma da nauyi yake sayenta, daga nan sai tukunyar narkewa. Narkewar ba sabuwa ba ce, don da irin wannan azurfa maƙeran Abzin suka daɗe suna zuba kayan adon Agadas, amma wancan a gida take zama ta sake kama. Da farashin azurfa ya haura dalar Amurka 50 kowane oza a watan Oktoba na 2025, abin da ya zarce na 1980 da na 2011, ƙaiƙayin sayarwa ya ƙaru ga duk mai ƴar ajiya.

Ba tsohuwar da ta kwance sarƙarta za a zarga ba. A farin 1973 da na 1984, da yunwar 2005, azurfa ta yi aikin da aka ajiye ta dominsa, ta koma hatsi. Zargin yana kan masu ilimi. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tana da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, tana da ƙungiyoyin al'adu a kowace jiha, masu shirya bukukuwa da gasar waƙa da rawa. Amma ƙungiya ba ta bukatar izinin minista kafin ta ɗauki littafi da sikelin maƙeri da wayar ɗaukar hoto ta shiga unguwar Birni a Damagaram, ta zauna da tsofaffi, ta rubuta nauyin kowace tsaba da hujinta da sunan da ake kiranta da shi a gidan da hanyar da ta biyo, ta bar wa mai ita kayanta. Malamin tarihi ma ba ya bukatar sabon tsarin karatu kafin ya aro dala guda, ya ɗora ta a tebur, ya sa ɗalibai su lissafa wuri nawa za ta ba su a Kano ta 1851, da jaki nawa zai ɗauki wurin dala 100. Masu iya ba da labarin su ne matan da aka yi wa aure kafin 1960, kuma mafi ƙuruciyarsu yau ta haura shekara 75.