Taku Nawa Ya Kamata Ya Raba Maharbi da Barewa?

Da zarar an kwashe amfanin gona, maharban Birnin Tsaba da na sauran garuruwan Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda kan shiga gyaran bindigogi. Rashin tsaro ya raba su da dazuzzuka irin Dumburum, abin da ya rage musu shi ne gefen gonaki da fadamu, inda makiyayi da mai neman itace ke kai-komo. A irin wannan ƙunci, wajibi ne kowane maharbi ya san nisan da ya dace ya danna kunama.

A Amurka, masu farautar elk, wata ƙatuwar barewa da namijinta kan haura kilo 300, sun daɗe suna wannan muhawara. Bindigoginsu kan kai harsashi ɗaruruwan mitoci, amma ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta gina koyarwarta kan yi wa dabba adalci. Ma'aunin da da yawansu suka yarda da shi shi ne nisan da mutum ya gwada hannunsa ya tabbatar zai sami zuciya ko huhu da harbi ɗaya.

Adakarmu ta fi buƙatar wannan ma'auni. Cikinta sumul yake, babu tsagin da ke juya harsashi ya miƙe, kuma albarushin da aka ɗura yau ba lallai ya yi daidai da na jiya ba. Harbin nesa da ita kan karya wa gada ƙafa, ta gudu ta mutu a ɓoye, ko ya wuce ya sami wanda ba a nufa ba.

Fiƙihunmu ma bai bar batun ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo saɓani kan cin abin farautar da ya ɓace wa mai shi har ya kwana. A Sahihu Muslim kuma, Abdullahi ɗan Umar ya tsawata wa samarin da suka ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya shaida musu cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai yin haka. Wanda ya harbi dabba daga nisan da bai taɓa gwadawa ba, ya mayar da ita abin gwada hannu.

Shawarata ga Sarakunan Baka ita ce su ware ranar atisaye kafin farauta, da sanin hakimi da jami'an tsaro, domin ƙarar bindiga a yau tana iya watsa kasuwa. A kafa faifai a jikin tudu, kowa ya harba yana ja da baya taku biyar-biyar. Inda ya fara kuskure, nan ne iyakarsa a bana. Dabbar da ta wuce nan, ya lallaɓa ya matsa kusa, ko ya bar ta ta tafi.