Tsoho Mai Fitila: Katin Tarot da Ya Yar da Agogonsa

A cikin katuna 78 da ke cikin ƙunshin tarot, 22 ne ake ɗauka manya. Mai lamba 9 daga cikinsu shi ne wanda Faransawa suke kira L'Hermite, wato mutumin da ya ƙaurace wa jama'a. A zanen da ya fi shahara, wanda Pamela Colman Smith ta yi bisa jagorancin Arthur Edward Waite aka buga a Landan a 1909, ana ganin tsoho mai furfura tsaye a ƙololuwar dutse mai dusar ƙanƙara, sanye da alkyabba ruwan toka. Hannunsa na hagu riƙe da sanda, na dama kuma ya ɗaga fitila mai tauraro mai tsini shida a cikinta. Masu duba da katunan a yau suna fassara shi da kaɗaici, da binciken zuciya, da neman hikima nesa da hayaniya, har sukan gabatar da wannan fassara tamkar gadon zamanin da ba a san farkonsa ba. Tarihin katin bai goyi bayan haka ba, kuma abin da aka yar a hanya ya fi abin da aka riƙe nauyi.

Karta ta shiga Turai ne wajajen 1370, daga Masar ta zamanin Mamluka. Tarot kuwa ya bayyana a arewacin Italiya a wajajen 1440, a fadojin Milan da Ferara, kuma wasa ake yi da shi, ba duba ba. A ƙunshin Visconti-Sforza, tsohon nan agogon yashi yake riƙe da shi. Italiyawa sun kira shi Il Vecchio, wato Tsoho, ko Il Gobbo, Mai Ƙusumbi, ko Il Tempo, wato Lokaci. Saƙonsa a fili yake: kwanaki suna zuba kamar yashi, tsufa na nan tafe. A katunan Marseille na Faransa ne fitila ta zauna a gurbin agogon, tsohon ya koma mai zaman kaɗaici, har wasu suka riƙa danganta shi da Diogenes, masanin falsafar Girka da aka ce yana yawo da fitila da rana tsaka yana neman mutum na gaskiya.

Rigar sirri daga baya aka sa wa katunan. A 1781 Antoine Court de Gébelin ya yi iƙirarin cewa hikimar limaman tsohuwar Masar ce aka ɓoye a cikinsu. Ya faɗi haka shekara 41 kafin Champollion ya warware rubutun Masar a 1822, kuma rubutun da aka karanta bai gaskata shi ba. A tsakiyar ƙarni na 19 Éliphas Lévi ya haɗa manyan katunan 22 da haruffan Ibrananci 22. Shi kansa Waite bai ɗauki tsohon a matsayin mai lalube cikin duhu ba. A wurinsa mutum ne da ya riga ya isa, ya ɗaga haske don na ƙasa su hango hanya. Cikin ma'anonin duba da ya jera wa katin kuwa, bayan taka-tsantsan har da cin amana da ɓoye niyya. Ashe fassarar nan mai laushi ta "shiga cikin kanka ka huta" zaɓe ce daga cikin ma'anoni masu karo da juna.

Mai musu zai iya cewa alama ba ta zama baiwar asalinta, ma'anarta ita ce wadda masu amfani da ita suka ba ta. Wannan magana ce mai tushe, domin kalmomin harshe ma haka suke sauyawa. To amma wanda ya yarda da ita dole ya sauke da'awar tsohuwar hikima, ya amince cewa mutane sanannu ne suka gina ma'anar a shekaru sanannu. Sannan dole ya auna asarar da sauyin ya jawo. Agogon yashi yana yi wa kaɗaici wa'adi, yana tuna wa mai keɓewa cewa lokacin da yake ci ba zai dawo ba. Fitila ita kaɗai tana iya lallashin mutum ya ɗauki gudun jama'a a matsayin zurfin tunani.

A nan ne batun ya shafi manazartan Hausa, ta fuskar fassara. Kalmar da za ta fara zuwa wa mai fassara ita ce "Mai Halwa", amma ba ta dace ba. Halwa a wurin sufaye tana da shehin da ke sa ido, da adadin kwanaki, da ranar fitowa a koma cikin mutane. Tsohon katin ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. "Mai Kaɗaici" kuma yana ɗauke da ƙanshin tausayi, domin Bahaushe ya ce mutum rahama ne, wanda ya rasa abokin zama abin jajantawa ne. Sunan da ya fi aminci shi ne wanda ya tsaya ga abin da ido ya gani: Tsoho Mai Fitila.

Ya kamata a karanta wannan kati yadda ake karanta tsohon rubutun hannu da ya ratsa hannun masu kwafi da dama, a tambayi wa ya ƙara me, a wane zamani, kuma don wace bukata. Wanda ya karanta shi haka zai ga cewa ƙarƙashin fitilar 1909 har yanzu akwai agogon ƙarni na 15, yashinsa yana zuba.