Yoyon da rairayi ke ɓoyewa a gidajen Dungas

Garin Dungas, wanda ya zama hedikwatar gundumarsa a shekarar 2011 bayan an raba shi da Magarya, yana cikin yankin Korama, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa bai yi nisa ba idan aka kwatanta da birnin Damagaram, wanda ke zaune a kan dutse har sai da aka riƙa jawo masa ruwa daga rijiyoyin Gogo Machaya. Wataƙila wannan sauƙi ne ya sa magidanta da dama da suka jawo famfo gida ba sa waiwayar bututun da suka binne, sai ranar da takardar kuɗin ruwa ta zo da adadin da ya ɗaga musu hankali.

Hatsarin yoyo a wannan yanki ya fi na wasu wurare, domin ƙasar rairayi ce, kuma rairayi yana shanye ruwa nan take ba tare da ya bar taɓo a sama ba, ta yadda bututu zai iya wata da watanni yana tsiyaya ƙarƙashin tsakar gida babu wanda ya sani. Abin da ke fara nuna alama shi ne ginin ƙasa: gindin katanga ya yi duhu da danshi a tsakiyar rani, yaɓe ya riƙa ɓamɓarewa, wani farin gishiri ya fito a jikin tubali, gara kuma ta bi laimar ta hau har azara. Katangar da ta sha ruwa tun daga tushe ita ce ke fara zubewa idan ruwan watan Agusta ya tsananta, sai a ɗora wa damina laifin da ba nata kaɗai ba ne. Akwai kuma batun lafiya, saboda idan aka ɗauke ruwa bututun ya zama wayam, ɓarakar da ke fitar da ruwa ita ce ke zuƙo ƙazanta ciki, musamman idan bututun ya ratsa kusa da masai.

Binciken bai buƙatar gwani. Maigida zai rufe duk famfunan gida da dare, ya rubuta lambar da ke kan mita, wato na'urar da ke ƙidaya ruwan da ya shigo, sannan ya sake dubawa da asuba kafin a ɗebi na alwala. Idan lambar ta motsa, to akwai yoyo a wani wuri. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin jarka guda a kwana ɗaya, kuma duk abin da ya wuce ta mita mai gidan ne ke biyansa, ko kamfanin NDE ne ke ba shi ruwa, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024, ko kuwa ɗan kasuwar da ƙaramar hukuma ta damƙa wa shaton garinsu, wato babban tankin ruwa.

Ya kamata a yi wannan gwaji sau ɗaya a wata, a kuma tsananta shi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ƙasa ta bushe sarai, danshi ya fi saurin bayyana, akwai kuma sauran lokacin gyara kafin saukar ruwan fari. Ɗaure ɓaraka da tsinken robar tayar babur, kamar yadda aka saba, yana jinkirta yoyon ne na 'yan makonni kawai, don haka ya fi dacewa a kira mai gyaran famfo ya yanke wurin da ya fashe, ya sa sabon mahaɗi, a bar ramin a buɗe kwana guda a tabbatar ya bushe kafin a mayar da ƙasa.