Ina Masaukin Samarin Ƙarƙashin Gada?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so mu yi shawara a kan samarin nan da su ke kwana a ƙarƙashin gada a Ikko. Kowa ya bi ta Oshodi ko Obalende ko Ojuelegba da asuba ya gan su, waɗansu a kan kwali, waɗansu a bisa teburan 'yan kasuwa. Akwai Yarabawa, akwai Ibo, akwai kuma 'ya'yanmu na Arewa da suka biyo motocin shanu da na albasa. Da rana za ka same su suna dako, suna tura baro, suna gyaran takalma. Ƙarfin nema suna da shi, ɗaki ne babu.

Dalilin kuwa a fili ya ke. Mai gidan haya ya kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ga na dillali, ga na yarjejeniya. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta hana a karɓi fiye da na shekara guda daga sabon ɗan haya, amma wanda sai ya fita ya ke samun na tuwo, ina zai tara na shekara? A cikin 2024 ma'aikatan Gwamnati suka tarar da 'yan ɗakuna 86 da aka kafa a ƙarƙashin gadar Dolphin Estate a Ikoyi, aka ce masu kwana ciki suna biyan wajen Naira 250,000 a shekara. Aka rushe su. To, wanda aka kora daga wannan gada, ai wata gadar zai koma.

Ni a ganina magani yana cikin al'adarmu ta dā. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da masauki ta tsaya. Falke ya zo da shanunsa, ko ya zo sayen goro, sai ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa wajen ciniki, in aka yi bashi shi ne lamuni. Watau baƙo ya sami rufi, ya kuma sami babba mai cewa, "Na san shi." Wannan na biyun shi ne yaron ƙarƙashin gada ya fi bukata, gama ba mai sana'ar da zai ɗauki yaron da ba wanda ya tsaya masa.

Saboda haka ina roƙon sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, da shugabannin masallatai da na coci-coci, su haɗa kai da ƙananan hukumomi a kama gidaje a mai da su masaukin samari. A riƙa biya mako mako, gwargwadon ƙarfin ɗan dako. A sa dattijo mai amana ya rubuta sunan kowa da garinsu, ya kai su wurin kafinta ko makaniki ko tela su koyi sana'a. Waɗanda ba su kai shekara 18 ba kuwa, dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Ikko ta yi irinta a 2007, ta ba su haƙƙin ilmi. A sa su makaranta, a nemi iyayensu.

Wani zai ce in an yi haka sai samari su ƙara kwararowa birni. Amma fa neman abinci ya kawo su, kuma rashin gado bai taɓa hana kowa zuwa ba.

Mu ma masu koyon aikin malanta muna da namu rabo. Azuzuwan makarantu su kan zauna wofi da maraice. Me zai hana kowannenmu ya ba da sa'a biyu a mako, ya koya wa samarin nan karatu da rubutu da lissafi? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ina fata ƙungiyar ɗalibai za ta sa wannan magana a taronta mai zuwa.