Kunne ba ya manta wanda ya fara yi masa sallama

Masu bin wannan fili sun san ba ni da haƙuri da dattijon da ya manta ya taɓa yin ƙuruciya. A makon nan, a wata rumfar cajin waya kusa da tashar Tasawa, wani magidanci ya daka wa ɗansa tsawa saboda yaron yana bin wani kiɗa da hanci, kiɗan Naruto, zanen Japan ɗin nan da yara ke tura wa juna a waya. Wai kiɗan aljanu ne, wai yaran yanzu sun lalace. Bai rufe baki ba wayarsa ta ɗauki ƙara da waƙar Disco Dancer. Laifi tudu ne.

Fim ɗin na 1982 ne, Mithun Chakraborty ne jarumin, Bappi Lahiri ya tsara kiɗan. Malam ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Indiyanci. Abin da ke dawo masa idan waƙar ta tashi shi ne gidan bidiyo na zana, ƙugin janareto, ƙurar da ke tashi in an fara dambe, da ɗan kuɗin shiga da ya tara daga tallan gyaɗa. Waƙar ta shigo masa tare da labarin ɗan talaka da aka wulaƙanta uwarsa ya tashi ya rama, kuma tun ranar ba ta rabu da labarin ba. Ɗansa ma haka. Naruto maraya ne da mutanen garinsu ke gudu, kuma duk lokacin da aka bar shi shi kaɗai akwai wani taushin kiɗa da ke biyo shi. Yaron da ya fara jin sa a wannan wuri, ko a tsakiyar biki aka sa masa, jikinsa zai yi sanyi.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan. Masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah a kai, har wani manazarci, Brian Larkin, ya yi rubutu a kansu. Sun gane cewa karin ya riga ya sami wurin zama a zuciyar mutane. Kuma wanda ya ga fim ɗin Sangaya a 1999, ku sa masa waƙar yau ku ga fuskarsa.

Na yarda, akwai zubar da jini a wasu zane-zanen nan, uba ya duba wayar ɗansa. Amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Da aka fara nuna Naruto a Japan a 2002, mai tsara kiɗan, Toshio Masuda, ya cusa kayan kiɗan gargajiyarsu a ciki: sarewar gora, manyan ganguna, da wani abu mai tsirkiya uku ɗan'uwan molonmu. Ta haka ɗan Mayahi da ɗan Kanambakashe suka san muryar sarewar Japan, suka haɗa ta da jarumta da tausayi, alhali sarewar makiyayin da ke wucewa ta bayan gidansu a Gulbin Kaba ba ta tuna musu komai. To namu kiɗan, a ina yaro ke fara gamuwa da shi? A bayan motar ɗan takara, kamar yadda muka sha gani a zaɓen 2020, ko a wurin biki inda ake bin mai babbar riga da kirari har ya zaro jaka. Shi ya sa idan yaro ya ji kalangu, roƙo ne ke faɗo masa a rai. Mu muka koya masa haka. Mu da muka bar gangar noma ta mutu tare da gayya, muka bar tatsuniyar dare da ƴan waƙoƙinta ta koma hira a makaranta, sannan muka zo muna zagin Japanawa don sun yi aikinsu da kyau. Abin kunya ne.

An ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, mun yi ta tafi. Na faɗa a nan, ina ƙara faɗa: takarda ba ta rera wa yaro komai.

Gidajen rediyon karkara na Tasawa da Mayahi, ku ware rabin awa kowane maraice. Ku samo tsohuwa mai tatsuniya, ku zaunar da mai gurmi da mai sarewa kusa da ita, Gizo ya sami kiɗansa, Ƙoƙi ta sami nata. Ku biya makaɗan, kada ku ce musu "Allah ya saka". Sannan ku bar shirin ya shiga wayoyin yara ta hannun masu tura waƙa a kasuwa.